Littafin Malam Aminu na Ajin Iyayenmu Mata: Inda Aiki Ya Kwana

8 ga Disamba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa ajiye inda aiki ya kwana, saboda masu tambayata sun fara yawa. Shekara uku ke nan ina koyar da ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwarmu a nan Kano, Asabar da Lahadi bayan la'asar, a wani ɗakin Islamiyya da ake ara mana. Su goma sha tara ne. Ƙaramarsu ta girme ni nesa ba kusa ba, babbarsu kuwa ta ba tamanin baya. Sun wuce baƙi da wasali, suna haɗa jimla, wasu har saƙon waya suna karantawa da kansu. Abin da ya dame mu shi ne abin karantawa. Littattafan da ke hannunmu na 'yan firamare ne, ni kuma ina jin nauyin in tsayar da mai jikoki ashirin tana karanta labarin kyanwa da ɓera.

Sai na ce zan rubuta musu nasu: manyan haruffa, gajerun jimloli, babi takwas, kowanne kada ya wuce shafi uku. Na kawo sunaye uku su zaɓa, Nana Asma'u da Sarauniya Amina da Malam Aminu Kano. Ban rufe baki ba babbarmu, wadda kowa ke kira Inna, ta ce, "Malama, rubuta wanda muka gani da idonmu. In kin yi kuskure sai mu gyara miki." A kan haka aka tsaya. Zan riƙa rubuta babi cikin mako, in kawo su karanta. Abin da ya yi musu tsauri a baki in sassauta, abin da suka ce ba haka ba ne in koma in bincika.

22 ga Disamba

Babi na ɗaya ya sauka ba tare da wata wahala ba. An haifi Malam ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa Malam Yusufu malami ne da ya yi aiki a kotun alƙali, zuriyarsu kuma Fulani ne Gyanawa, gidan da aka sani da fiƙihu da alƙalanci. Ya yi karatun allo, ya shiga makarantar Shahuci, ya zarce Midil ta Kano, daga nan sai Kwalejin Kaduna, wadda daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa. A 1942 ya fita da takardar malanta.

Abu guda na dage sai ya fito a wannan babin: Malam ba ɗan talaka ba ne ta haihuwa. Ya tashi yana kallon shari'a da mulki daga cikin gida, kuma da ya so zama babba a En'e, wato hukumar mulkin sarakuna ta zamanin Turawa, ƙofa a buɗe take. Wanda bai san wannan ba, ba zai gane nauyin abin da ya ajiye ba.

Kalmar "kwaleji" ta riƙe bakin mutum huɗu. Na bar ta yadda take, don za su ci gaba da haɗuwa da ita a takardun jikokinsu.

5 ga Janairu, 2025

Sanyi ya hana mutum shida zuwa, amma waɗanda suka zo sun ba ni aikin mako biyu.

Babi na biyu Bauchi ne da Landan. A Midil ta Bauchi ya fara koyarwa, inda ya tarar da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma shaƙu da Malam Sa'adu Zungur. A can suka riƙa taron tattaunawa inda matasa 'yan boko ke yi wa Turawa da manyan En'e tambayoyin da ba a saba ji ba. A 1946 aka tura shi sashen koyon aikin malanta na Jami'ar Landan. Shekara ɗaya ke nan da gama yaƙin duniya na biyu. Jam'iyyar Leba ta Clement Attlee ta kayar da Churchill a Yulin 1945, tana ta mayar da manyan harkoki hannun gwamnati: babban banki a 1946, ma'adinan kwal a farkon 1947, jiragen ƙasa a 1948, kuma a wannan shekarar aka fara duba marar lafiya kyauta a duk faɗin Ingila. Tsofaffin ma'aikatan ramin kwal na zaune a majalisa, har da minista a cikinsu. Indiya ta karɓi 'yancinta a Agustan 1947. Saurayi ɗan shekara ashirin da shida daga Sudawa ya ga wannan da idonsa, ya yi cuɗanya da 'yan ɓangaren hagu na Leba, ya dawo gida inda talaka ke tuɓe takalmi tun daga nesa in ya hango hakimi.

Sai na rubuta wannan jimla: "A can ya koyi ra'ayin gurguzu." Nan aji ya tsaya cak. Wata ta ce gurguzu ai 'ya'yan yakuwa ne da ake daddawar batso da su. Wata ta ce a rediyo tana jin ana cewa ƙasashen gurguzu, kuma an gaya mata mutane ne da ba su yarda da Allah ba, to yaya za a jingina wannan ga mutumin da ke fassara Alƙur'ani? Ranta ya ɓaci sosai, kuma ban ga laifinta ba.

Na yi kwanaki ina juya abin. Cire kalmar ha'inci ne, don Malam da jam'iyyunsa biyu, NEPU da PRP, a ɓangaren hagu suke, kuma duk wanda ya karanta manufofinsu ya san haka. Barin ta haka tsirara ma ha'inci ne, don abin da kunnen Bahaushiya ke ji a cikinta ba shi ne abin da Malam ya ɗauko ba. Abin da na yi shi ne na kwance ta zuwa jimloli huɗu: dukiyar ƙasa ta kowa ce, ɗan manomi da ɗan sarki su shiga aji ɗaya, marar lafiya kada ya mutu don ba shi da kuɗi, mai mulki talaka ne zai ɗora shi, shi ne kuma zai sauke shi. Sannan na ce wannan ra'ayi shi wasu ke kira gurguzu. Na ƙara da cewa Malam bai buƙaci Landan ba kafin ya san zalunci haramun ne, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya lissafa jangali da gaisuwa cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa a kai, kuma 'yan NEPU sun sha kafa hujja da wannan. Landan ta nuna masa yadda ake haɗa jam'iyya da ƙungiyar ma'aikata ne. Shi ya sa yana dawowa, a 1948, ya tsaya aka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa.

19 ga Janairu

Yau ce rana mafi nauyi tun da muka fara.

Babi na uku kafuwar NEPU ne. Ranar 8 ga Agusta, 1950, mutum takwas suka kafa ta a Kano: Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Maitama Sule, Magaji Ɗambatta, Mudi Sipikin, Abdulƙadir Ɗanjaji, Musa Kaula da Baballiya Manaja. Da yawa a ajin sun ɗauka Malam ne ya kafa ta shi kaɗai. A lokacin yana koyarwa a makarantar horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato, ma'aikacin gwamnati ne, sai a ƙarshen shekarar ya ajiye aiki ya shigo gaba ɗaya, ya zama shugabanta a 1953. Takardar manufofinsu, wadda ake kira sanarwar Sawaba, ta fito fili ta ce buƙatun masu riƙe da En'e da na talakawa sun saɓa, kuma talakawa da kansu ne za su ƙwaci kansu.

Na rubuta abin da aka yi wa 'yan NEPU: ɗauri a kotun alƙali kan taro ba izini ko kan zargin zagin sarki, bulala, ƙarin haraji da gangan, hana rumfa a kasuwa, da 'yan ta'addar da aka fi sani da 'Yan Mahaukata a Kano. Inna ce ta karanta sakin layin, da ƙyar, tana bin kalma da yatsa. Da ta kai ƙarshe sai ta ajiye takardar ta ce mahaifinta tela ne, 'yan doka sun zo sun tafi da shi da keken ɗinkinsa a ka, tana 'yar shekara goma sha ɗaya, kuma ya dawo bayan wata uku amma keken bai dawo ba. Ta ce abin da ya jawo masa shi ne ya ce ba zai ba da kuɗin haraji ba sai an ba shi rasit.

Aji ya yi tsit. Sai Hajiya, wadda ke zama kusa da taga, ta naɗe takardarta ta ce, "Malama, ubana dagaci ne. Shekara talatin yana karɓar haraji. A littafin naki shi ne azzalumin ke nan?" Ta ce ta ga ranar da kuɗin garinsu bai cika ba, hakimi ya aiko, mahaifinta ya sayar da shanunsa biyu ya cike don kada a tuɓe masa rawani. Ta ce yaran NEPU sun tsaya a ƙofar gidansu suna waƙar zambo da sunan mahaifiyarta. Ta ɗauki mayafinta ta fita kafin a tashi.

Na dawo gida na sake karanta babin. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma na rubuta shi ne kamar duk masu karantawa 'ya'yan tela ne, na manta cewa a Kano kusan kowane gida yana da dangi a ɓangarorin biyu.

26 ga Janairu

Na je gidan Hajiya ranar Laraba da goro da babin a hannu. Ta karɓe ni da mutunci, ta sa aka kawo mini fura. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ban zo in goge abin da aka yi wa mahaifin Inna ba, ba zan iya ba. Na zo ki gaya mini abin da na bari." Mun fi awa biyu.

Abin da na samu a wurinta ya gyara babin fiye da duk karatun da na yi. Haraji daga sama ake yanke shi. Razdan da Di'o, Turawan mulki na lardi da na gunduma, na kan sarki, sarki na kan hakimi, hakimi na kan dagaci, dagaci na kan mai unguwa, mai unguwa na kan talaka, kowa yana danna na ƙasa da shi don kada a danne shi. Wasu sun cika aljihunsu a hanya, wasu sun yi asara. Yanzu babin yana bayyana wannan tsani tukuna kafin ya zo kan ɗauri da bulala, kuma ya faɗa ƙarara cewa Turawa ne ke saman tsanin. Ban rage ko layi ɗaya daga abin da aka yi wa 'yan NEPU ba. Na ƙara guda: su ma bakinsu bai bar kowa ba, kuma akwai gidajen da har yau ke jin zafin waƙoƙinsu.

A nawa ganin wannan ya fi kusa da abin da Malam ya yi ta faɗa. Faɗansa da tsarin ne wanda ya sa mutum ba shi da ikon tambaya.

Hajiya ta dawo aji yau. Inna ce ta matsa mata a benci.

9 ga Fabrairu

Babi na huɗu, zaɓuɓɓuka. Tambayar da suka fi yi ita ce: in talakawa na son NEPU haka, me ya hana ta ci?

Don in amsa sai da na kawo wake da kofuna biyar. A zaɓen 1951 ba kai tsaye ake zaɓen ɗan majalisa ba. Mutanen unguwa ko ƙauye su zaɓi wakilai, wakilan su zaɓi na gunduma, haka har a kai matakin lardi, kuma ba a ɓoye ake yi ba, mai sarauta na kallon wanda kowa ya bi. A matakin ƙarshe kuma an ba En'e dama ta zuba nata mutanen, kashi goma cikin ɗari. Muka riƙa juye wake daga kofi zuwa kofi, a kowane mataki farin wake na raguwa, a na ƙarshe na watsa jan wake a kai. 'Yan NEPU sun yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma ko ɗaya bai kai majalisar Kaduna ba. Wata ta ce, "Ashe tankaɗe aka yi musu." Na ɗauki kalmarta na sa a littafin, don ta fi tawa.

Sauran na bi da sauri. A 1954 Maitama Sule, wanda ya riga ya koma NPC, jam'iyyar da ke mulkin Arewa, ya kayar da Malam a zaɓen majalisar tarayya. A 1959 Malam ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi Legas, NEPU ta sami kujeru takwas. A 1964 ya rasa kujerar. Alamar NEPU tauraro, ta NPC fartanya. Waɗannan na cewa Sawaba, waɗancan na cewa Salama. Wannan duk sun fi ni sani.

Na ba Hajiya Gambo Sawaba shafi guda cur. 'Yar Zariya ce, an haife ta a 1933, ta shugabanci matan NEPU, ana ƙirga mata ɗauri goma sha shida, ta rasu a 2001. Ta sha wannan wuya ne a lokacin da ita kanta ba ta da ƙuri'a, don matan Arewa ba su yi zaɓen 1959 ba, ba su yi na 1964 ba, alhali matan Kudu na yi.

Goggo, wadda iyayenta mutanen Damagaram ne, ta ce su ma a can suna da Sawaba. Gaskiyarta. Jam'iyyar Djibo Bakary ce, wanda ya nemi a ce a'a a ƙuri'ar raba gardamar da Faransa ta shirya a Satumban 1958, ya faɗi, aka haramta jam'iyyar a 1959, mutanensa da dama suka tsallako Kano suka fake wurin 'yan NEPU. Na sa layi uku a kan wannan a ƙasan shafin.

23 ga Fabrairu

Mun je gidan Mambayya a Gwammaja, mu goma sha huɗu a A-daidaita-sahu huɗu. Gidan Malam ne, nan kabarinsa yake, yanzu kuma cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Mun yi masa addu'a. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yadda suka riƙa tsayawa gaban duk wani rubutu suna haɗa baƙi, ba mai jiran in karanta mata. Inna ta daɗe a tsaye a ƙofar ɗakinsa ba ta ce komai ba.

Daga yau aji ya tafi hutun azumi.

16 ga Maris

Azumi ya kai rabi. Bayan asham nake samun sa'a ɗaya in zauna kan babi na biyar, wanda ya fi kowanne ja mini rai.

Akwai abu biyu da masoyan Malam ba su cika son a taɓo ba. Na farko, bayan zaɓen 1959 abokiyar ƙawancen NEPU, wato NCNC, ta haɗa gwamnatin tarayya da NPC. Sai ga Malam a Legas yana mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnatin Tafawa Ɓalewa, alhali a gida ana ci gaba da ɗaure mutanensa. Na biyu, ya yi shekara bakwai a gwamnatin soja ta Janar Yakubu Gowon, kwamishinan sadarwa daga 1967 zuwa 1971, na lafiya daga 1971 zuwa 1974, kuma cikin waɗannan shekaru aka yi yaƙin basasa.

Na so in tsallake, in ce littafin koyon karatu ne ba na jami'a ba. Amma waɗannan mata sun binne mazaje, sun aurar da 'ya'ya, sun san mutum kan shiga inda ba ya so don wata maslaha, wani lokaci ya dace, wani lokaci a'a. Ba yara ba ne da za a ɓoye musu. Na rubuta abin da ya faru, na rubuta cewa wasu sun ga ya yi daidai don ƙasa na neman wargajewa kuma a lokacin ne aka ƙirƙiro jihohi, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, abin da NEPU ta daɗe tana nema. Wasu kuma sun ga mai kiran mulkin jama'a bai kamata ya daɗe haka a inuwar soja ba. Ni kaina na fi karkata ga cewa shigar tana da hujja, daɗewar ce ke da wuyar karewa. Ban sa ra'ayina a littafin ba, na bar shi a nan. Abin da na sa, don kowa ya yarda da shi, shi ne ya fito daga manyan ma'aikatu biyu bai tara komai ba.

Na rufe babin da tafsirin da yake yi a gidansa cikin azumi, tunda uku daga cikinsu sun ce mazajensu na zuwa.

6 ga Afrilu

An dawo bayan salla, kowa da lallenta. Babi na shida, 1979, shi ne nasu.

Ban kai ga raba takardu ba suka fara ba da labari. Wannan ne zaɓen ƙasa na farko da matan Arewa suka shiga. Wata ta ce da goyo ta je. Wata ta ce mijinta ɗan NPN ne, jam'iyyar Shagari, ya ce ta dangwala wa gida da masara, ta shiga ta dangwala wa mukulli, alamar PRP, kuma har ya rasu bai sani ba. Hajiya ta ce ita gida da masara ta yi, kuma ba ta yi nadama ba. Aka yi dariya, ba wanda ya ji haushi. Goma sha ɗaya daga cikinsu sun yi zaɓen nan ba tare da sun iya karanta harafi ɗaya na takardar ba, hoto kawai suka bi.

Abin da ke cikin babin: Malam ya halarci tarurrukan farko na ƙungiyar da ta zama NPN, ya fice, aka kafa PRP a 1978. Ranar 11 ga Agusta, 1979, aka yi zaɓen shugaban ƙasa tsakanin mutum biyar, Shehu Shagari da Awolowo da Azikiwe da Malam da Waziri Ibrahim. Malam ya zo na huɗu da ƙuri'a wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai, mafi yawansu daga tsohuwar jihar Kano, wadda ta haɗa da Jigawa ta yanzu. Ƙuri'ar Kano ce ma ta jawo shari'ar nan ta jihohi goma sha biyu da biyu bisa uku, don doka na so mai nasara ya sami kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a biyu bisa uku na jihohi goma sha tara, Shagari kuma bai kai haka a nan ba. Wannan lissafin na cire shi daga littafin bayan na gwada, ya fi ƙarfin babin.

PRP ta ci gwamna biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina. Suna hawa suka soke haraji da jangali. Na sa wannan jimla ita kaɗai a tsakiyar shafi da manyan haruffa, na roƙi Inna ta karanta. Shekara ashirin da biyar tsakanin wannan sokewa da ranar da aka fita da keken mahaifinta. Ta karanta ba gargada, ta ce Allah bai nuna masa ba, ya rasu saura shekara biyu.

17 ga Afrilu

Yau shekara arba'in da biyu da rasuwar Malam. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara sittin da biyu, saura 'yan watanni zaɓe, bayan ya riga ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyar takararsa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Ina kan babi na bakwai, Santsi da Taɓo, kuma sau uku ina yaga shi. Gwamnonin PRP biyu sun riƙa zama da gwamnonin UPN ta Awolowo da GNPP ta Waziri Ibrahim, su tara, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi bari, aka kore su a 1980. Jam'iyya ta dare: 'yan santsi tare da gwamnonin da tsohon jagoran ma'aikata Michael Imoudu, 'yan taɓo tare da Malam. A Yunin 1981 majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a ciki, ta tsige Balarabe Musa, bayan ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa tun hawansa. Ranar 10 ga Yuli na wannan shekarar aka yi tarzoma a Kano bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa.

Ciwon wannan babin daban yake da na babi na uku. Can tsakanin talaka da mai sarauta ne. Nan kuwa 'yan gida ɗaya ne, mutanen da suka sha ɗauri tare, kuma Malam ya ƙare kwanakinsa yana jin yaran da ya rena suna jifansa da maganganu a kan dandamali, nasa mutanen ma suna ramawa. A ajinmu akwai matar ɗan santsi, akwai ƙanwar ɗan taɓo. Wannan karon ba zan jira sai wata ta ɗauki mayafi ba. Zan zauna da kowaccensu a gidanta kafin in kawo babin aji.

11 ga Mayu

Ga inda muke. Babi shida sun kammala, an karanta su a aji, an gyara. Na bakwai na zauna da matan biyu, na sake rubuta shi, za a karanta ranar Asabar mai zuwa.

Na kai babi shidan wani shagon buga takardu don gwaji, aka dawo mini da su duk ƙugiyoyin sun zube. Ƙasa ta koma kasa, ɗauri ya koma dauri, a jerin babi kuma taɓo ya koma tabo. Ga wanda ya daɗe da iya karatu wannan ƙaramin abu ne, zai cike da kansa. Ga wadda ta yi wata biyu tana koyon bambancin "da" da "ɗa", rushe mata gini ne. Yaron shagon ya ce nau'in haruffan da ke kwamfutarsu ne ba ya ɗauka. Na samo wanda ke ɗauka, zan kai masa a filashi in zauna kusa da shi har a gama. Kwafi talatin muke so, matan sun ce za su yi karo-karo su biya kuɗin takarda, na ce su bari sai na ji farashi.

Babi na takwas da na tsara zai zama kan abubuwan da aka sa wa sunansa, filin jirgin sama da asibitin koyarwa da sauransu. Na fasa. Hajiya ce ta kawo shawarar a bar shafukan, kowacce ta rubuta layi biyu ko uku da hannunta kan abin da ta gani a zamanin, a ɗauki hoton rubutun a sa yadda yake. Mutum bakwai sun kawo nasu jiya. Na Inna layi biyu ne, ta yi kwana huɗu tana yi, ta goge wuri ɗaya har takardar ta huje. Saura goma sha biyu, kuma biyu daga cikinsu sun tafi ƙauye biki, sai sun dawo.